Kujerar Gwaggo

Mahaifina yana da mota, amma mu a ƙafa muka tashi. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Hindawiyya da ke Jidda a shekarun nan ya san farar motar nan mai dogon baya da ke kwance a kangon da ke jikin gidanmu, kuma ya san ba ta zuwa kasuwa, ba ta kai yaro makaranta. In ka tambayi Baba sai ya ce, "Wannan ba motar Jidda ba ce, ta gida ce."

Gida kuwa wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram wanda ni ban taɓa gani ba a lokacin, don a Jidda aka haife ni. Can Baba ya baro yayarsa, wadda muke kira Gwaggo. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta raka shi bakin hanya ranar da ya fito aikin hajji yana saurayi, hajjin da ya rikiɗe ya zama zama. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya samu kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya samu iƙama, takardar izinin zama, ya koyi tuƙin tankar ruwa. Da ya tara abin da ya tara, wajen ƙarshen shekarun saba'in, sai ya sayi motar nan sabuwa fil, ya aika wa Gwaggo saƙo ta bakin wani alhaji cewa ba zai dawo a ƙafa yadda ya tafi ba. Zai sa mota a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, ya ratsa Sudan da Chadi, ya tsaya a ƙofar gidanta, ya zaunar da ita a kujerar gaba ya kai ta kasuwa kowa na gani.

Shi ya sa ledar da kujerar gaba ta zo da ita daga kamfani ba a taɓa cire ta ba, kuma ba wanda ya taɓa zama a kai. Ummanmu kanta baya take shiga, ta matsu da mu, ƙaramarmu a cinyarta. Ina yaro abin ba ya damuna. Da na yi wayo sai ya riƙa ci mini rai, in ga uwata a takure, ga wuri fili a gaba ana ajiye wa matar da ba ta ma san launin motar ba. Tafiyar kuma kullum sai baɗi. Bana hanyar Chadi ba lafiya, baɗi Umma na da ciki, wata shekarar kafili ya hana hutu.

A Jidda ruwan sama tare da sanyi yake zuwa. Ba shi da yawa, amma in ya sauko lungunanmu rafi suke komawa. Don haka da iska ta fara sauyawa Baba zai kwantar da motarsa. Ya ɗaga ta da jak ya ɗora a kan bulo, ya cire batir ya kai ƙarƙashin gadonsa, ya toshe salansa da tsumma saboda ɓeraye. Sai ya naɗe ta da leda tun daga sama har ƙasa, ya ɗora tampol, ya ɗora tsofaffin tabarmi, ya ɗaure da igiya. Daga ƙarshe ya kwaɓa ƙasa ya bi gefen ledar ya liƙe ko'ina, yadda ya ga ana liƙe rumbu a garinsu. Mutumin busasshiyar ƙasa ne, abin da ya sani shi ne in ka hana iska da ƙwari shiga, kayanka sun tsira.

Umma takan tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, garin nan fa laima gare shi. Ko zannuwana na akwati, in ban fito da su sun sha iska ba, funfuna suke yi."

"Mota ba zane ba ce, Hajiya," in ji shi, ya ci gaba da kwaɓa ƙasarsa.

Ranar buɗewa kuwa, in sanyi ya wuce aka shiga bazara, sallah ce a gidanmu. Ya fasa ƙasar, mu ja tabarmi muna tsalle, ya wanke ta da hannunsa, ya bi jikinta yana shafawa kamar mai duba doki. In ta tashi sai ya kwashe mu zuwa bakin teku, ya tsaya ya nuna mana yamma ya ce can bayan ruwan nan hanyar gida take. Juma'a biyu ko uku za a yi haka, sai a mayar da ita kango, wai kada a gajiyar da ita kafin babbar tafiya.

Daga baya ciwon suga ya kama shi. Ya fara da ƙafa, ya koma ido, har ganin ya tafi gaba ɗaya. Ni lokacin na yi aure, ina tuƙi a garin Yanbu, sai in yi watanni ban leƙo Jidda ba. Motar tana nan a liƙe tun rufin ƙarshe da ya yi mata da idonsa. Sanyi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, Baba ya kafe ba mai taɓa ta sai ya warke. Na taɓa ce masa, "Baba, halas, ya isa haka mana, mu hau jirgin sama mu je ka ga Gwaggo." Wallahi ranar na ga ɓacin rai. Ya ce in ni ban san kunya ba shi ya sani, bai yi shekaru a ƙasar mutane don ya koma riƙe da jaka kamar korarre ba. Na yi zuciya na fita ko sallama ban yi ba. Taurin kan nan nasa na gada, shi ya sa ba ma daɗewa a ɗaki ɗaya.

Sai wata shekara, bayan aikin hajji, wani dattijo ɗan garinsu ya biyo ta gidanmu kafin jirginsu ya tashi. Ya ce Gwaggo ta tsufa ƙwarai, ko ƙofar gida ba ta fita, kuma duk wanda zai taho Makka sai ta ce a tambayo mata ko ƙanenta na nan da rai. Baƙon ya yi sallama ya tafi. Da sanyi ya ja baya Baba ya sa aka kira ni. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" kawai yake ce mini.

"Kai, ka zo ka sauke mota. Kai za ka tuƙa, ni in zauna baya. Bana za mu tafi."

Na zo da sabon batir, da baƙin mai, da jarkar fetur. Da hantsi aka fito da kujera aka zaunar da Baba a inuwar kango, Umma ta tsaya a wurinta na bakin ƙofa, maƙwabta biyu suka zo taya ni. Ƙasar da ya liƙe ta bushe ta yi tauri, sai da guduma na fasa ta. Muna ɗaga tampol wani wari ya buso, irin na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Ledar ta ciki duk ta yi gumi, ruwa na bin ta ɗigo-ɗigo. Amma na ga fentin sama da sauran haskensa, sai na ce wa kaina ƙila abin bai yi nisa ba.

Na juye tsohon mai na zuba sabo, na ɗaura batir, na ba tayoyi iska, na zare tsumman salansa. Sai na sa jak don in janye bulo. Ina murzawa, maimakon mota ta ɗaga, kan jak ɗin ya nutse cikin ƙarfe kamar cokali a tuwo. Na kwanta na leƙa ƙasa. Tsatsa ta cinye cikin motar kaf, har manyan ƙarafan da ke ɗauke da ita sun zama ɓawo-ɓawo, in ka taɓa su zubo maka a fuska. Laimar teku ta shiga ta ƙasa, ledar Baba ta hana ta fita, ta zauna shekara da shekaru tana aikinta. Na daɗe a kwance a wurin, ba don ina gyara komai ba. Da na fito Umma ta dubi fuskata sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Da katako da dabara muka sauke ta a kan tayoyinta. Baba ya ce, "Yalla, tashe ta mu ji." Na murza makulli. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta kama, baƙin hayaƙi ya cika kangon. Injin lafiyarsa ƙalau, abin haushi. Baba ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba, yana dariya, yana cewa, "Kun ji ta ko? Kun ji muryarta?" Rabon da in ga haƙoransa tun yana gani. Ni kuwa na rasa ta inda zan fara faɗa masa.

Ban fara ba, shi ya gano da kansa. Ya ce a kai shi jikinta, ya bi ta da tafin hannu yadda ya saba, daga bonet zuwa madubi. Ya buɗe ƙofar gaba, ya shafa ledar kujerar Gwaggo, ya durƙusa zai gyara shimfiɗar ƙafa. Hannunsa ya burma har gwiwar hannu. Ya tsaya a haka. Sannan ya zaro hannun cike da jar tsatsa, ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai hanci ya shinshina. Maƙwabtan nan suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, kashe ta." Na kashe. "Iya nan ne?"

"A'a, Baba. Har ƙarfen gindi."

"Walda fa?"

"Babu inda walda za ta kama."

"Ba za ta kai ba ke nan."

"Ko Makka ban yarda in kai ka a cikinta ba, balle hanyar Chadi."

Maganar tana bakina, in ce ai Umma ta sha faɗa maka. Na ɗago ido na ga Umma ta zuba mini nata, sai na haɗiye. Ita kanta ba ta taɓa faɗar wannan maganar ba, a ranar ko bayanta.

Baba ya goge hannunsa a rigarsa, farar riga ta yi ja. Can ya ce, "Bakin teku fa?" Na ce in an bi a hankali za ta kai. Na shimfiɗa katako a kan ramin. Shi kuma ya laluba gefen kujerar, ya sa farce ya yage ledar nan, ya janye ta gaba ɗaya ya yar a ƙasa. Kujerar ta fito sabuwa, ko tabo babu, ita kam laima ba ta taɓa ta ba.

"Hajiya, zo ki shiga gaba."

"Malam, wurin Yaya ne."

"Na sani. Shiga."

Ta koma ciki ta sako mayafinta na fita, ta zo ta zauna a bakin kujerar kamar baƙuwa, ƙafafunta a tattare kan katako, ba ta jingina ba har muka isa. Baba yana baya shi kaɗai. A hanya muna jin ƙarar ɓawon tsatsa da ke zuba a kwalta. A bakin teku na riƙe hannunsa muka tsaya, ya juya fuskarsa inda iska ke tahowa, ya ce, "Ka nemo mana tikitin jirgin sama." Da muka dawo ya hana a rufe motar, ya ce a bar ta ta sha iska.

Kafin damina ta sauka can gida muka tafi, ni da shi, da jaka ɗaya. Motar haya ta ajiye mu a bakin babbar hanya, don ba ta shiga yashin ƙauyen. Ragowar tafiyar a ƙafa muka yi ta, hannunsa a kafaɗata, yana tambayata ko mutane na kallo. Na ce suna kallo, suna kuma yi maka sannu da zuwa.

Mun tarar da Gwaggo a kwance kan tabarma a inuwar ɗakinta, 'yar ƙaramar tsohuwa, sai idanu. Na zaunar da shi kusa da ita. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana dubawa, ta daɗe ba ta sake shi ba. Ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Ban zo da motar ba."

"Wace mota?"

"Wadda na aiko aka faɗa miki."

Sai ta tuna. "Oho. An taɓa faɗa mini wani abu haka, na ɗauka zancen alhazai ne. Ni in shiga mota in je ina? Kai nake ta cewa ka zo."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Bai ɓoye ba, bai juya baya ba, hawaye kawai ke bin gemunsa. Gwaggo ta riƙe tsintsiyar hannunsa ta auna da yatsunta, ta yi tsaki ta ce ya rame, ta ɗaga murya ta ce wa matar jikanta a dama fura da yawa.