Ranar da Kunnen Kawu Ya Gaza

Jiya babur ɗina ya fara shaƙewa a hanyar Gangara, yana ja yana saki. Na tsaya gefen wata gonar gero, sai na tuna Kawu, ƙanen mahaifiyata. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Gyaran babur yake yi a wata rumfa bakin tashar Agiye. Ba ya taɓa karbirato, mahaɗar mai da iska, sai ya rufe ido ya saurari inji. "Bari ya faɗi ciwonsa tukuna," haka yake cewa. Hannunsa kullum warin esansi yake, wato fetur.

Zuwana na ƙarshe, kunnensa ya riga ya yi nauyi, amma ba wanda ya iya faɗa masa. Masu kabu-kabu sun janye ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke karbiraton babur ɗina a tsohon kwano, ya busa ƙananan ramukansa da baki, ya mayar. Ya tada inji, ya kai kunne kusa har zafi ya taɓa kumatunsa. Ya juya sukuru, ya sake juyawa. Babur dai yana ta tari, baƙin hayaƙi na fita.

Ya ɗago ya dube ni. "Ya daidaita ko, ɗana?"

"Ya daidaita, Kawu."

Ya ɗora tafin hannu kan tanki, ya jima yana jin yadda yake rawa.

"Kai ma?" ya ce a hankali. "Tura shi wajen mai gyara na gaba."

Bai ƙara buɗe rumfar ba.

Allah ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa, ni kuma ya yafe mini amsar da na ba shi.