Ƙuri'ar Torfi a Hannun Ketill

Duk wanda ya tashi a garinmu, can bakin teku a arewacin Iceland, ya san Torfi. Gyaran tarakta ne sana'arsa, amma da ranar zaɓen majalisa aka fi saninsa. Tun da sanyin safiya zai wanke tsohuwar motarsa, ya sa rigar ulun da matarsa Svala ta saƙa masa, ya bi gonaki yana kwaso tsofaffi zuwa makarantar da ake jefa ƙuri'a. A ranar, motar ta jam'iyyar manoma ce, kuma duk wanda ya shige ta an san inda zai sa alamarsa.

A wancan zamanin siyasa ba ta tsaya a fatar baki ba. Ɗan jam'iyyar manoma a shagon ƙungiyarsu yake sayen fulawa da sukari, a gidan mansu yake shan mai. Ɗan jam'iyyar masu jiragen kamun kifi kuwa, gara motarsa ta mutu a hanya da a gan shi a can. Su ma da nasu shagon, da nasu gidan man, da nasu direban ranar zaɓe, wato Ketill, wani dogo mai kakkausar murya da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a teku. Aji ɗaya suka yi da Torfi, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Akwai wata 'yar gada a bakin gari da ba ta ɗaukar mota biyu. In suka haɗu a kanta, sai kowa ya leƙo da kansa ta taga.

"Ja da baya, makiyayi!" in ji Ketill. "Warin tumakinka ya ishe mu."

"Kai za ka ja, sarkin ƙarni," in ji Torfi. "Mutanen kirki na ɗauko, sauri suke."

"Mutanen kirki? Waccan ta baya ai ta kusa ɗari. Ta ma san wa ke takara?"

"Ta san ba ku za ta ba, wannan ya ishe ta."

Tsofaffin da ke cikin motocin su yi ta ƙyaƙyata dariya suna zuga su. Daga nan kowane direba ya kai nasa, in sun jefa ƙuri'a ya wuce da su shan gahawar da jam'iyya ke shiryawa, inda mata suka jera fanke da kyafaffen naman tunkiya da busasshen kifi da man shanu. Wallahi ana kewar waɗannan ranakun, ko da rabin abin da ake faɗa a wurin ƙarya ne.

Abin dariyar shi ne, a ƙasarmu babu jam'iyyar da ke samun rinjaye ita kaɗai. In an gama ƙirga ƙuri'u, sai manya su kulle kansu a Reykjavik, babban birni, makonni suna ciniki, wa zai riƙe ma'aikatar kifi, wa zai riƙe ta noma. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, shugaban su Torfi da na su Ketill sun fito suna musafaha a gaban 'yan jarida, sun kafa gwamnatin haɗin gwiwa. Sai mutanen gari su tare Torfi: "To, ga manyanku sun shirya, kai fa?" Ya ce, "Su suka sa hannu, ba ni ba." In gwamnatin ta rushe, kamar yadda takan rushe, sai ka gan shi yana tafe yana fito.

Zamani ya ja. Svala ta rasu, 'yarsu ta yi aure a Denmark, shagunan nan biyu suka rufe. Yara suka taso waɗanda ko uwayensu ba su san wa suke zaɓa ba. Sannan idanun Torfi suka dushe, har likita ya ce ya ajiye tuƙi. Yana ganin haske da inuwar mutum, amma rubutu ya fi ƙarfinsa.

A kakar shekarar nan gwamnati ta sake rushewa, aka kira zaɓe kafin lokaci. Rediyo na ta cewa jam'iyyar manoma na iya rasa kujerarta a yankinmu. Torfi bai taɓa fashin zaɓe ba tunda ya isa jefa ƙuri'a, kuma ya san da wuya ya ga wani bayan wannan. Ya buga waya ofishin jam'iyya, wani saurayi ya ce za a turo mota. Ranar zaɓe ya shirya tun safe, ya zauna a kujerar bakin ƙofa da hularsa a gwiwa. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana kai mutane zaɓe, aka manta da shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya gode Allah da Svala ba ta ga wannan ranar ba.

Rana ta karkata, dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai ya ji hon. Kafin ya lalubo sandarsa an turo ƙofa.

"Kai, makiyayi, mutuwa ka yi?" Muryar Ketill ce. "Na leƙa makaranta an ce ba a gan ka ba."

"Motarmu na hanya."

"Wace motar? Ku da ko keke ba ku da shi yanzu? Tashi, an kusa rufewa."

"Ni in shiga motarku? Ka san dai ba ku zan ba."

"Wa ke son ƙuri'arka? Tsami za ta sa mana. Tashi ni dai, ƙafafuna sun daskare."

Torfi ya miƙe. Sannan ya kifa hularsa, ya bi shi. A hanya ya faɗa wa Ketill cewa har yanzu bai iya sauya giyar mota ba.

A makaranta wata matashiyar malamar zaɓe ta miƙa masa takarda. Ya kawo ta daf da hancinsa, ya nisanta ta, bai ga komai ba sai toka-toka. Ta yi masa bayani a hankali: tunda ba ya gani, yana iya sa malamin zaɓe ya yi masa alamar, ko kuma ya zaɓi wanda ya amince da shi su shiga bayan labule tare.

Torfi ya tsaya yana juya takardar. Bai san yarinyar nan ba, bai san 'yar wa ce ba, balle inda ta dosa. Ketill kuwa sun haura shekara sittin suna zage-zage, amma ya laluba ya rasa ranar da mutumin ya taɓa yi masa ƙarya.

"Wannan dogon zai shiga da ni," ya ce.

"Ni?" in ji Ketill. "Ka haukace ne? Ka san fa ko ni wane ne."

"Shi ya sa."

Suka shiga bayan labule, tsofaffi biyu a wurin mutum ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ketill ya daɗe yana huci. "Da ubana na raye da ya tsine mini," ya ce ƙasa-ƙasa. Torfi ya ji ƙarar fensir a kan takarda. Aka ninke ta aka sa masa a hannu, ya fito ya lalubi bakin akwatin ya jefa da kansa.

Suna hanyar komawa, Ketill ya dube shi.

"Ba ka tambaye ni inda na sa ba. In na cuce ka fa? Ai ba ka gani."

Torfi ya juyar da fuskarsa wajen taga, don idanunsa sun kawo ruwa kuma ba ya son a gani.

"Na ji yadda hannunka ke rawa," ya ce. "Da naku ka sa wa, ai da waƙa za ka fito."