Ranar da Maigidana Ya Ce Ya Kasa

Ko da zan manta da komai na shekarun da maigidana ya yi yana kansila, akwai wata Juma'a da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Ƙauyenmu yana gefen Wurno, kuma albasa ce rayuwarmu. Gonakinmu su ne a can ƙarshen magudanar ruwan da ake sakowa daga dam, ita kuwa yashi da ciyawa sun toshe ta tun ina amarya. Duk mai neman ƙuri'a sai ya zo ya yi alkawarin katafilar da za ta yashe ta, ya ci, mu nema mu rasa.

Maigidana tela ne, ba ruwansa da hayaniya. Mutanen gari suka matsa masa ya fito takara, shi ma ya tsaya ƙofar masallaci ya yi alkawarin nan na katafila kafin dashen albasa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni shaida ce.

Matsalar tana cikin gida. Yayansa, wanda duk muke kira Yaya, ya daɗe da yanke wa 'yan siyasa hukunci. Ko katin zaɓe ba ya karɓa. A gidanmu kuwa maza tare suke cin abinci a zaure, kowace mace ta aika da kwanonta. Ranar da aka ce maigidana ya ci zaɓe, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar da na yi wa gata, sai ga Yaya ya tura min nawa gefe, ina jin sa ta katanga.

"Ni ba ni cin tuwon gwamnati," in ji shi. "Ran da ruwa yak kai gonata a kawo."

Wallahi na ji haushi. Gwamnati ce ta daka min daddawa? Shinkafar ma daga rumbun gidan aka ɗebo ta. Amma yayan miji uba ne, sai na haɗiye, na huce a kan tukwane.

Maigidana ya yi ta zarya sakatariya a kan babur. Yau a ce shugaban ƙaramar hukuma ya tafi Sakkwato, gobe a ce a dawo, jibi a ce injin yana hanya. Irin albasa ya isa dashe, kowa ya zauna yana jiran katafila, domin ba mai son ya fasa ƙugunsa a aikin da inji zai yi a wuni ɗaya. Har wani a sakatariyar ya tausaya wa maigidana, ya ja shi gefe ya ce bana dai babu. Abokansa na siyasa suka ba shi shawarar da kowa ke bi: ya kashe waya, ya ɗan yi kwanaki a birni har ƙura ta lafa. Abinci ma ya daina shiga masa, tausayinsa ya kama ni.

Ranar Juma'ar, ana sallamewa ya miƙe ya roƙi jama'a su dakata. Ƙofarmu tana kallon masallaci, ina tsaye a bayan labule.

"Jama'a, ni nay yi muku alkawari, kuma na kasa. Katafila ba ta zuwa bana. Kada wanda ya ƙara jira na."

Wuri ya kaure. Wani ya ce dama duk ɗaya suke, wani ya ce a ba shi ƙuri'arsa. Yaya ya saka takalminsa ya wuce. Na ce shi ke nan, an raba 'yan'uwa.

Washegari da hantsi sai ga sallama da ƙarfi. Yaya ne, da shebur a kafaɗa, bayansa maza sun cika lungu. Ashe gida-gida ya bi yana kiran gayya.

"Kansila, hito! Mi kaka yi ciki? Tunda ba inji, ai akwai hannu."

Maigidana ya fito yana kame-kame, Yaya ya katse shi. "Da ƙarya kay yi muna, da muna nan zaune har iri shi ƙone. Tun da nike, ban ga wanda yad dawo yac ce ya kasa ba sai kai."

Suka yi kwanaki suna kwasar yashi, mu mata muna kai musu abinci bakin aiki, Yaya har da neman ƙari. Ruwa ya iso a makare, albasar shekarar ba ta yi girman a zo a gani ba, amma ba mu tashi a tutar babu ba.

Da zaɓe ya zagayo, Yaya ya je ya karɓi kati, ya bi layi cikin rana yana mita. Maigidana ya faɗi, jam'iyya ma ta riga ta juya masa baya. Ya koma kan kekensa na ɗinki, kuma har yau in ya ratsa kasuwa ana kiran sa Kansila, ba da gatse ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba su ƙi shugabanni don sun kasa ba, kowa yana kasawa. Abin da ya kashe musu zuciya shi ne a bar su suna jira. Talaka zai iya ɗaukar "babu", in dai an faɗa masa tun shukarsa tana da rai.