Ilu Mai Ruwan Buta

Ku da kuka san marigayi Ilu magini, kun san aljihunsa ba ya rabuwa da guntun kara da curin laka. Ko akurki ka ce ya gina maka, sai ya fara yin ɗan ƙarami kamar tafin hannu, ya gwada. Ni maƙeri ne, abokinsa tun muna samari, na sha takaicin wannan hali.

Matarsa Hajo ta taɓa roƙonsa murhu. Kwana da kwanaki yana ta ƙera ƙanana. Ranar da ta gaji, ta kawo masa tuwo a murfin kwalba.

"Mi ne ne wanga, Hajo?"

"Gwaji ne, Malam. In ya yi, gobe in tuƙa babba."

Amma abin da ba na mantawa shi ne zauren karatun Liman a Rawayau, gab da samun 'yancin kai. Damina biyu yana rushewa, har iyaye suka rantse in ya sake, za su kwashe 'ya'yansu. Liman ya rame don damuwa.

Ilu ya tara mu, ni da Sale masassaƙi da Inna Kande mai ginin tukwane.

Liman ya ce, "Ilu, har da Kande a shawarar gini?"

"Allah gafarta Malam, cikinmu wa ya kai ta sanin laka?"

Ilu ya gina ɗan zaure da kara da laka, ya bari ya bushe. Sai ya hau turmi da buta, yana zuba ruwa yana tsawa da baki. Zaure ya zube. Ilu ya yi tsalle: "Alhamdu lillahi, ya hwaɗi!"

"Murna kake?" in ji Liman.

"Sosai! Kan tururuwa ya hwaɗi, ba kan ɗiyan mutane ba."

Nan kowa ya sa baki. Kande ta ce a ƙara ciyawa a kwaɓi. Sale ya ce azara ta yi nisa da juna. Na ce zan ƙera dogon indararo. Liman ya yi gyaran murya, ya ce ai ruwanmu daga gabas yake bugowa, ba daga tsakar ka ba.

"To, bismilla, Malam, hau turmi!"

Wallahi Liman da rawaninsa ya hau, ya zama ruwan gabas. Tsawar ce kawai ya ƙi yi. Gwaji na gaba ya tsaya, muka gina babba, ba yaron da aka cire.

Bayan shekaru masu yawa, a ƙofar zauren nan aka yi wa Ilu sallar jana'iza, damina ta yi nisa, bango ko tsagewa bai yi ba. Da aka ɗauko kara za a auna tsawonsa don haƙa kabari, Sale ya ce, "To, Ilu, har nan ma sai da aka gwada da kara." Muka yi dariya, hawaye na zuba.

Allah Ya jiƙanka, abokina, Ya ba ka gidan da ba ya yoyo.