Wayata Ta Yi Shiru, Baba Yana Kan Kwalta

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau ga nawa.

A lokacin ni bazawara ce mai 'ya'ya biyu, ina soya sambusa ina kai wa shaguna a unguwar Ka'akiyya da ke nan Makka, inda muka koma bayan an rushe unguwarmu ta Nakkasa. Mahaifiyarmu ta rasu, riƙon Baba ya dawo hannuna. Baba ta Sudan ya shigo ƙasar nan ta Saudiyya yana saurayi, mutum ne da bai san zama ba, ga ciwon suga, ga tsufa ya fara taɓa masa tunani. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya fice, wai zai je masallaci, ko da ba lokacin salla ba ne. Kulle shi kuwa na kasa. Sau ɗaya na gwada, ya zauna a bakin ƙofa yana tambayata laifin me ya yi, ranar ko abinci ban iya ci ba. Haka na zauna, hannu a kasko, ido a ƙofa.

Ƙanena, wanda ke zaune a unguwar Shisha da matarsa, shi ya kawo mana abin da muka ɗauka mafita ce. Agogo ne ya ɗaura wa Baba a hannu, ya sa mini manhajarsa a waya, ya zana da'ira a taswira wadda ta kewaye gidanmu da masallacin layinmu. Ya ce da zarar Baba ya ƙetare ta, wayata za ta yi ƙara, kuma zan ga inda yake. Ya ce wannan ɓangaren na kuɗi ne, amma suna ba da gwaji kyauta, ya kuma sa katin bankinsa tunda ni ba ni da shi. Da na tambaye shi in gwajin ya ƙare fa, sai ya yi dariya, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa biyan wata manhaja ba. Kafin su cire kuɗi yake sokewa, ya buɗe sabo da wani adireshin imel. Yana faɗa yana washe baki kamar wanda ya ci jarrabawa. Ni ma na taya shi dariyar, kuma ban tambayi ranar da gwajin zai ƙare ba. Wannan dariyar tawa ita nake jin ƙyamarta har yau.

Abin ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Wayar kan yi ƙara, in yafa abaya in fita, in tarar da Baba a kan kwana, in riƙo hannunsa mu dawo. A hankali na saki jiki. Na juya wa ƙofa baya, na koma ina barcin rana. Shirun waya ya zama ma'anarsa Baba yana gida.

Ranar da abin ya faru tsakiyar zafi ne, irin zafin Makka da ko kyanwa ba ta taka kwalta. Ina ta suyar wata walima tun hantsi, waya a gefena shiru. Sai bayan azahar na kai masa abinci, na tarar ɗaki wayam, takalmansa kuma a bakin ƙofa. Na buɗe manhajar. Taswirar tana nan, amma sun mai da ita dishi-dishi kamar an shafa mata mai. A samanta ga hoton wani tsoho yana murmushi da jikarsa, a ƙasa an rubuta cewa gwajina ya ƙare, in biya in ga inda masoyina yake, kuma yau akwai rangwame na musamman. Wato sun san inda ubana yake. Suna kallonsa a cikin ranar nan, ni kuma suna yi mini talla.

Na kira ƙanena, waya a kashe, don aikin dare yake yi, rana barci. Maƙwabciyata ta miƙo katinta ta ce a biya, sai manhajar ta ce sai an sa lambar da aka tura wayar mai asusun, wato ƙanena. Mazan layinmu suka bazu da motoci, ni kuma na tari tasi sai Shisha. Na buga ƙofa har ya fito yana murza ido. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce, "Ma'alesh ya ukti, yi haƙuri 'yar'uwa, na soke ne don kar su cire, yau nake son buɗe sabo."

Ya ɗauki waya, na leƙa, wallahi sabon adireshi yake rubutawa. Ko a lokacin kyautar yake nema. Kuɗin da yake gudu bai kai abin da yake kashewa a gahawa da abokansa ba. Na ce masa, "Ubanka ne a rana ba takalmi. Ka biya."

Yana biya taswira ta washe nan take. Mun sami Baba can gefen babban titi, zaune a jikin katangar wani sito da ke rufe, leɓɓansa sun bushe, tafin ƙafafunsa sun saɓule. Saboda sugan bai ma ji ƙunar ba. Da ya gan mu tambayarmu ya yi ko an kira la'asar. Ciwon ya ƙi warkewa, aka fara da yanke yatsu, daga baya aka cire ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Muna asibiti wayata ta yi motsi, manhajar ce take roƙon in ba ta taurari in na ji daɗin aikinta. 

Na ji ƙyamar masu manhajar, na ji ta ƙanena, amma tawa ta fi, don ni na jingina ran mahaifina a kan abin da na ji da kunnena an ce na gwaji ne. Abin da na koya shi ne, gwaji in ya ƙare ba ya ihu, shiru yake yi, kuma shirun nan ba shi da bambanci da na lafiya. 'Yan'uwa, duk abin da aka ce muku kyauta ne na ɗan lokaci, ku tambayi ranar ƙarewarsa, da abin da zai tsaya ranar, da wayar wanda za a sanar. In wasa ne ko fim, ku yi wayonku. In tsoho ne, ko yaro, ko maganin wani, ku biya ko ku ci gaba da tsaro da idonku.

Ƙanena yanzu yana biya duk wata, bai taɓa fashi ba. Baba kuwa ko banɗaki sai an ɗauke shi. Ban ce wa ƙanena ya daina biya ba, kuma ba zan ce ba.