Takabar Yayata a Wagini

Mijin yayata 'yan bindiga ne suka harbe shi a gonarsa ta wake, bayan Wagini, cikin damina. Ni ina aure a Safana, sai aka ce in riƙa zuwa ina taya ta zaman takaba, tunda mahaifiyarmu ta tsufa, ba ta iya hawa babur.

Satin farko kuka Yaya ta yi ta yi, irin wanda ake ji har ƙofar gida. Ita ta fara ganin gawar, don ita ta kai masa fura gona. Matan unguwa suka taso ta da faɗa, wai hawayenta azaba ne ga mamaci, wai ina imaninta. Ana haka sai wata dillaliya mai shiga gidaje da atamfa da turare ta kwance bakin zanenta, ta miƙa mata wata 'yar ƙwaya. Ta ce maganin tunani ne, matan da aka kashe wa maza shi suke sha su samu sauƙi. Yaya ta haɗiye da ruwan randa, kukan ya tsaya cak.

To, ita takaba abin da ake so ga mace ke nan: magana ƙasa-ƙasa, tafiya a hankali, ba kwalliya, ba fita. Ƙwayar nan ta yi mata duka a sauƙaƙe. Sai ga waɗanda suka gama zaginta jiya suna zuwa suna kaɗa kai. "Kai, baiwar Allah ta yi tawakkali," in ji su. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita ina ganin abin da ba su gani. Takan ɗebo kunu a ludayi ta manta da shi a hannu har ya zube mata a cinya. Takan idar da salla ta tambaye ni ko ta yi. Ƙwaya ɗaya ta daina isarta, ta koma haɗawa da ruwan maganin tari. Na tare dillaliyar a bayan rumbu na wanke ta tas. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke kika ga gawar ko ita?" Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin da ya rage wa Yaya a duniya 'yarta ce, yarinya da ba a daɗe da yaye ta ba. Uwar mijin kuwa ta riga ta yanke magana: ranar fita takaba, in ta ga uwar cikin natsuwa, za ta bar mata yarinyar su tafi gidanmu. In ba haka ba, jininsu ce, tana nan.

Ana saura kwanaki kaɗan, yarinyar ta dafa tukunyar miya a kan murhu. Yaya tana zaune dab da ita, idonta a kanta, amma ba ta motsa ba sai da na rugo daga bakin rijiya. Da yamma Yaya ta riƙe hannun yarinyar da ya ƙone tana dubawa, ta daɗe. Sannan ta ciro ƙullin magungunan daga ƙarƙashin katifa ta ce, "Zuba su masai. Ba ni tafiya da ɗiyata a haka." Na zuba ina murna. Ba wadda ta sani a cikinmu cewa abin nan ba a yanke shi lokaci guda.

Ranar fita aka soya waina ta sadaka, dangin miji suka cika tsakar gida tun da hantsi. Na yi wa Yaya wanka da kaina, na ɗaura mata sabon zane, kafin mu fito daga ɗaki gumi ya jiƙa shi. Jikinta na ɓari, hanci na zuba, ta yi amai a bayan ɗaki. Ta daure ta durƙusa gaban uwar mijin za ta gaishe ta. Wata tsohuwa ta ce Allah ya jiƙan mai gidan, sai kukan nan da aka danne watanni ya ɓalle, ta faɗi tana kiran sunansa, sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Uwar mijin ta ja da baya tana kallon Yaya. "Yarinyar nan da lafiyarta lau duk zaman nan. Yau mi ta sha?"

Yaya ta ɗago ta ce, "Inna, wallahi yau ce ban sha komi ba."

Uwar mijin ta sunkuya ta ɗauki jikarta, ta goya ta, ta shige ɗaki ta saki labule. Na bi ta ina roƙo, ina rantsuwa, ina bayani, ko leƙowa ba ta yi ba.

Babur ɗaya ya ɗauko mu, Yaya a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ita don kada ta faɗo. Da muka shigo Batsari, daidai layin masu kemis, ta taɓa kafaɗar mai babur ta ce ya tsaya. Na ce, "Yaya, don Allah. Kin fa kusa cin ƙarfin maganin nan."

Ta zare hannuna daga ƙugunta ta sauka. "In bari don wa?"