Hoton Jana'izar Kawu Bitrus

Kafanchan

Zakara bai gama gyara murya ba na rataya tsohuwar kyamarata ta fim, na nufi tasha. Kawu Bitrus ne ya aiko daga Kagoro. Wai ya kusa tafiya wurin Ubangiji, yana son hoton da za a buga a rigunan jana'izarsa. Na waya ba ya so, ya ce yana mai da mutum ɗan siyasa.

A shinge wani soja ya leƙo bas: "Oga, wannan rediyo ne?" Na ce kakar wayarsa ce. Ya sara mata, muka wuce.

Kagoro

Kawu ya jira sai da rana ta take tsaka, sannan ya fito cikin babbar riga fara fat, ya tsaya gaban dutse.

Na ce, "Kawu, fim gashin masara ne. Haske ya yi yawa ya ƙone, ya yi kaɗan ya fito ɗanye. In na tsuke idon kyamara don rigar nan, fuskarka ta tafi. In na buɗe don fuska, riga ta ƙone. Mu koma inuwar mangwaro, a can za su shirya."

"Ni dattijon ikilisiya, a gindin mangwaro kamar mai shan burkutu? Ka kama riga. Fuska kowa ya san ta."

Na kama riga.

Zonkwa zuwa Kaduna

Na ci tuwon acca a Zonkwa har wandona ya nemi sulhu. A Kujama taya ta fashe, direba ya ce hutawa take. Da la'asar a Kaduna na samo tsoho ɗaya da ya rage yana wanke fim. Ya ɗaga hoton ya ce, "Rigar wa aka shanya?"

Gida

Washegari na kai wa Kawu. Ga riga, kowane zare ana gani. Daga wuya zuwa hula kuwa, gindin tukunya.

Ya daɗe yana kallo. "Wannan ne zumuntar matan ikilisiya za su sa a ƙirji? Maƙiya su ce ba ni aka binne ba?" Nan take ya ɗage mutuwa sai an sake ɗauka, ya saɓi fartanya ya tafi gonar citta.

Na iso Kafanchan lafiya, godiya ga Ubangiji da ranar Kagoro. Matar Kawu ta biyo ni da doya, da roƙon in ce kyamara ta lalace.